Idan Na Faɗa, Bunu Ba Zai Je Kano Ba

Zuwa ga Malam Shu'ibu, mai filin shawarwari.

Malam, don Allah don Annabi ka taimake ni, kaina ya ɗaure. Gaisuwa tana tafe daga baya, ka yi mini afuwa, yau damuwa ta riga ladabi fitowa. Ni mai fito ne a wani mashigi tsakanin Auyo da Haɗeja, ina tsallakar da mutane da awakinsu da damman shinkafarsu a kwalekwale. Rubutun nan nawa ne, a ajin Yaƙi da Jahilci na koye shi bayan furfura ta fara leƙowa, don haka in ka ga wani harafi ya kwanta ka tashe shi.

Bari in ɗauko maka daga tushe. Tun ina saurayi ƙayar tarwaɗa ta soke ni a ƙwaurin hagu ranar kamun kifi, wurin ya zama gyambo. A fadamar nan gyambo ba labari ba ne. Ka zo kasuwarmu ka ga maza nawa ke ɗaure da tsumma a ƙafa. Mutum kullum yana cikin ruwa da laka, ina zai warke? Haka na yi ta fama da nawa shekara da shekaru, ya rufe da rani, ya buɗe da damina, har muka saba da juna. Sai wata shekara ya sake kama. Bakinsa ya kumburo ya yi tauri, nama ya riƙa tasowa daga ciki, ko tsumma ne ya goge shi sai jini. Ga wani wari da ban taɓa jin irinsa ba, wanda ya sa na daina shiga sahun gaba a masallaci.

Akwai dattijonmu Baba Fannami, mai maganin saiwa, shi ya duba ya girgiza kai ya ambaci sunan abin a hankali, ya ce daji ne. Ka san kuma abin da kowa ya sani a ƙasar nan tun kakanni, cewa daji ba ya son ƙarfe. Ba allura, ba aska, ba wuƙa. An ce in ƙarfe ya taɓa shi sai ya yi lamo kamar ya mutu, daga baya ya taso da fushi ya bi jiki. Baba Fannami ya yi mini magani damina biyu, da hannunsa yake wanke ƙafar nan mai wari, bai taɓa yamutsa fuska ba, bai taɓa karɓar ko kifi guda a hannuna ba. Wannan kam sai dai Allah ya biya shi. Amma abin gaba yake yi. Da likita Bature mai rangadi ya zo Haɗeja, matata Larai ta sa aka ɗora ni a jaki aka kai ni, ba da son raina ba. Ya duba ya ce sai Kano, kuma ƙafar ba za ta dawo tare da ni ba.

Ranar da zan tafi duk gari ya fito bakin ruwa. Ba rakiya aka yi mini ba, Malam, ban kwana aka yi da ni. Masu neman gafara suka nema, ni ma na nema. Baba Fannami ya riƙe bakin kwalekwalen yana hawaye yana roƙona kada in kai kaina ga wuƙa. A Kano aka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa, na yi jinya, aka sassaƙa mini ta katako mai maɗauri na fata. Na dawo a jirgin Nguru, na sauka Malam Madori da ƙafata a hannu saboda ban saba da ita ba tukuna. Mutane suka yi ta zuwa kallona har daga ƙauyukan Kirikasamma, wasu sai sun taɓa ni suke yarda. Shekara huɗu ke nan. A cikinsu Larai ta haifa mini 'ya mace, Ramatu, wadda yanzu babban wasanta shi ne ta ƙwanƙwasa ƙafar katakon ta tambaya ko da mutum a ciki.

To, daga nan ne na zama abin da ban nema ba. Na zama shaida. Sai mu kai tsakiyar ruwa, inda babu mai ji, mutum ya dubi hagu ya dubi dama, ya naɗe wando ya nuna mini ƙafarsa. Ni ba likita ba ne, ban taɓa cewa ni ne ba. Abin da nake cewa kawai, ku dube ni, ƙarfe ya taɓa ni, ga ni ina tuƙa ku. Da yawa sun tafi asibiti a kan wannan magana tawa. Yawancinsu ma ba a yanke musu komai ba, allura aka yi musu da wanki, suka dawo da ƙafafunsu. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗin wannan matsayi. Mutumin da aka yi wa ban kwana, yau shi ake tambaya hanya.

Yanzu ga Bunu. Bunu ɗan gwaggona ne, taubashina, tare muka koyi iyo a kan gora. Manomin shinkafa ne, mai 'ya'ya biyar, bakinsa kuwa ya fi lauje kaifi. Shi ya laƙaba mini Zalɓe, wai don ina tsayawa da ƙafa ɗaya a bakin ruwa ina jiran abin da zai zo. Ni kuma ina kiransa Kwaɗo saboda faɗin bakin. Duk duniya ba wanda nake zagi ya zage ni mu yi dariya kamar shi. Yana da gyambo a ƙafar dama, kuma bara ya sake kama. Ban buƙaci ya kwance tsumman ba, Malam, warin na sani. Ranar da na fara jinsa a cikin jirgina sai da filafilin tuƙi ya kusa suɓuce mini.

Ba irin roƙon da ban yi masa ba. In na yi magana sai ya mayar da ita wasa, ya ce zalɓe ɗaya ya ishi mashigi, in sun zama biyu kifi zai ƙare. Baba Fannami kuma ƙanen mahaifinsa ne, shi ke yi masa magani, yana gaya masa ya dakata ya ga ƙarshena tukuna, wai nawa barci yake yi. Haka Bunu ya zuba mini ido shekara guda cur, yana auna ni kamar ragon da zai saya. Sai a tsakiyar daminar nan, bayan sallar Juma'a, ya kama hannuna a gaban liman ya ce ya gaji da jiran mutuwata, ga shi har tumbi na ajiye. Ya yi alkawari in shinkafa ta shigo gida zai je Kano, amma da sharaɗin ni zan raka shi, ƙafata ƙafarsa. Mutane suka yi dariyar wannan, ni kuwa da na koma gida sai da na yi kuka don murna.

Malam, ba a yi wata guda da wannan ba na ji wani ƙullutu a gindin cinyata, ta gefen da aka yanke. Kamar ƙwayar gurjiya, ba zafi, yana motsi ƙarƙashin fata. Na ce kaluluwa ce, za ta baje. Ba ta baje ba. Dama tun da na dawo, duk zuwan likita Haɗeja nakan je ya duba dungun, haka likitocin Kano suka umarce ni. Da na je wannan karon na nuna masa. Ya daddanna, fuskarsa ba ta gaya mini komai ba, ka san Bature. Ya sa aka yi mini allurar kashe zafi, ya ɗan tsaga ya ciri nama ɗan mitsitsi, ya jefa a kwalba mai ruwa, wai za a aika da shi can Kudu inda ake duba nama a madubin da ke ƙara girman abu. Na dawo na ce wa Larai maɗaurin ƙafa ne ya ji mini ciwo.

Da amsa ta zo aka aiko in je. Malamin asibiti shi ya yi mana tafinta. Ya ce masu dubawa sun ga abin da bai yi kama da lafiyayyen nama ba, amma abin da aka aika ya yi kaɗan, ba za su iya cewa daji ne ba, ba za su iya cewa ba shi ba ne. Sai in je Kano a cire ƙullutun gaba ɗaya a duba. Na juya tambayar ta gaba, na juya ta ta baya, na ce ya gaya mini tsakaninsa da Allah, ni ba yaro ba ne. Amsar dai ɗaya ce, ba a tabbatar ba. Wallahi da ya ce mini daji ne kai tsaye, ina jin da na fi samun inda zan ajiye zuciyata.

Tun ranar ban sake zama mutum ba. Duk alwala sai hannuna ya tafi wurin, in danna, in murza, in auna. Da safe in ga kamar ya ragu, da la'asar in ga ya kai ƙwallon dabino. Yanzu har ciwo yake yi, ban sani ba ko shi ne ko yatsuna ne. In na yi tari sai in ce ya kai ƙirji. In bayana ya riƙe don tuƙi sai in ce ya kai baya. Tafin ƙafar nan da aka binne a Kano ya dawo yana yi mini ƙaiƙayi, abin da ya daina tun tuni. Tuwo ba ya wucewa. Jirgina yana yoyo ta gindi, na san wurin, ina da abin toshewa, amma in na ɗauka sai zuciya ta ce wa kake gyara wa? Larai ta tambaya ta tambaya, na ce ciwon shawara ne ke damuna, ta dafa mini saiwa na sha don ta ƙyale ni. Yanzu ta daina tambaya, sai dai ta ajiye akushi ta tsaya kallona, kuma wannan ya fi tambayar ciwo.

Abin mamaki, wancan karon ban ji tsoro haka ba. Lokacin azaba ta ishe ni, mutuwa ma hutu nake ganinta. Yanzu kuwa na ɗanɗani lafiya, na yi barci ba wari, na koma sahun gaba. Kuma ina jin kunyar Ubangijina. Ya ƙara mini shekara huɗu bayan an yi mini ban kwana, maimakon godiya ga ni ina rawar jiki a kan ƙwayar gurjiya. In liman yana wa'azin tawakkali sai in sunkuyar da kai, in ga kamar da ni yake. Wannan raunin imani ne, Malam?

Amma duk wannan ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba. Bunu ne. In na buɗe baki na faɗa, kafin azahar gari ya ɗauka cewa dajin Zalɓe ya farka, maganar Baba Fannami ta tabbata. Ba wanda zai tsaya jin wai ba a tabbatar ba, mutanenmu ba su san wannan ba, a wurinsu ko dai ciwo ne ko ba ciwo ba. Bunu ba zai je Kano ba, na san shi kamar tafin hannuna. Kuma ba shi kaɗai ba, duk masu naɗe wando a tsakiyar ruwa za su sauke. In kuma na yi shiru na raka shi, muna isa za a ba ni gado kusa da nasa, ya gane na ɓoye masa, ya tsallake katanga da gyambonsa ya nufi tasha. Na yi tunanin wata dabara, in kai shi, in kauce wa likitana, a yi masa nasa mu dawo, ni nawa ya jira baɗi. Wani lokaci sai in ga wannan ita ce mafita.

Akwai kuma wadda ta fi duka nauyi, ban taɓa furta ta ba sai a takardar nan. In fa Baba Fannami ne mai gaskiya? In fa barci abin ya yi, na ba da ƙafata a banza, yanzu kuma ina jan ɗan gwaggona ya ba da tasa?

Shinkafa ta sunkuya, masu gonakin tudu har sun fara yanka. Bunu jiya ya aiko a tambaye ni ko a jirgin ƙasa ana barin mutum ya shiga da bandar kifi, wai ba zai ci abincin Kanawa ba. Lokaci ya ƙure mini. Don Allah ka ba ni amsa a jarida, kada ka aiko ta gidan waya, domin wasiƙun garinmu a zauren dagaci ake buɗe su a karanta da ƙarfi. Jaridar kuwa hannuna take fara zuwa, ni nake karanta wa jama'a ran kasuwa a gindin gawon mashigi. Bunu ba ya fashi, filinka ya fi so, kullum sai ya yi gardama da amsarka ya ce da shi ne da ba haka zai faɗa ba. Wannan makon sai in tsallake filin in ce ka yi tafiya. Ka ɓoye sunana da na mutanena. Ina gaishe ka da aiki, Allah ya ƙara basira.

Naka cikin damuwa,
Zalɓen Mashigi.

AMSA

Malam Zalɓe, na amsa gaisuwarka, kuma ban tashi ko harafi ɗaya ba, duk a tsaye na same su. Sannu da wannan nauyi. Ka daɗe kana ɗauke da shi kai kaɗai, ya isa haka.

Na kai maganarka wurin wani likita da muke mutunci da shi, ba tare da suna ba. Ga abin da na fahimta. Da suka ce ba a tabbatar ba, ba ɓoye maka suke yi ba, iyakar saninsu ke nan. Kaluluwar gindin cinya takan kumbura saboda abubuwa da dama, musamman ga mutumin da katako da fata ke gugar dungunsa kullum, yana kuma wuni cikin ruwan fadama. Naman da ya daɗe yana fama da irin wannan yakan fito a madubi ba kamar lafiyayye ba. Wannan gefe ɗaya ke nan. Ɗaya gefen, ba zan rufe maka shi ba, yana iya zama ciwon ne ya leƙo, domin in zai dawo ta nan yakan bi. In ma hakan ne, ya ce cire kaluluwar da wuri shi ne abin da ake yi, kuma aiki ne da bai kai wanda ka riga ka haye ba. Ni da kai da likitan duk ba mu sani ba tukuna. Kai kuwa ka riga ka yanke wa kanka hukunci, kana zaman makokin abin da ba a ce ya faru ba.

Don haka dabarar nan ta jiran baɗi, ka jefa ta a kogi. In ba komai ba ne, ka sayi shekara guda ta rashin barci a banza. In wani abu ne, ka ba shi shekara guda ya yi yadda ya so. Ta kowace fuska kai ne da asara, kuma Bunu ba zai gode maka ba in ya ji abin da ka yi don shi.

Kafin tafiya, ka cire hannunka daga wurin. Ko lafiyayyen nama aka murza sau biyar a yini zai kumbura ya yi tsami, yatsa kuma ba madubi ba ne. In ba za ka iya haƙura ba, ka duba ran kasuwa kaɗai, sau ɗaya, ka bar shi. Ka toshe jirginka yau. Ka ce wa kake gyara wa? Matan da ke shiga da goyo kake gyara wa. Hannun da ke aiki kuma ba ya samun sukunin zuwa gindin cinya. Larai kuwa, matar da ta ɗora ka a jaki kana ƙi, ita kake ba wa labarin ciwon shawara? Ta san akwai abu, abin da ba ta sani ba shi ne girmansa, kuma ina tabbatar maka wanda take zato ya fi na gaskiyar muni. Ka gaya mata kafin ka ci tuwon yau.

Tsoronka ba raunin imani ba ne. Wanda ya taɓa kwanciya ƙarƙashin wuƙa ya tashi, jikinsa ba ya mantawa, kuma masu irin tarihinka da yawa sun gaya mini ko mura suka yi sai gabansu ya faɗi. Son ran da Allah ya mayar maka ba butulci ba ne. Ka yi addu'arka da tsoron naka a ciki, ka nemi magani, sauran ka bar wa Mai shi. Tawakkalin da na sani ke nan.

Ka tambaya ko ka ba da ƙafarka a banza. Ka dubi yarinyar da ke ƙwanƙwasa katakon nan ka sake tambaya. Damina biyu ana wanke maka ƙafa abin yana gaba, kai ka faɗa da bakinka. Ko da gobe aka ce ciwon ya dawo, shekara huɗun nan ba za su koma ba a yi su ba. Baba Fannami kuma ba maƙaryaci ba ne. Ya ga mutanen da aka kai asibiti bayan ciwo ya gama cin su, aka yanka, suka mutu, ya ɗora laifin a kan ƙarfe. Likitoci suna ɗora shi a kan jinkiri. Kada ka tsaya gardama da dattijon da ya yi maka hawaye. Ka je ka gaishe shi, ka gaya masa da bakinka, ka roƙi addu'arsa. Ba sai ya yarda da kai ba.

Yanzu Bunu. Tsoronka yana da tushe. Yana iya jin labarin ya ce ya fasa, ba zan yi maka alkawarin ba zai faɗa ba. Amma ka duba abin da kake shirin yi. Ƙafarsa ce za a yanke, in ta kai ga yanka. Yana da haƙƙin ya san duk abin da ka sani kafin ya miƙa ta. In ka kai shi da rabin labari, ya farka ya ga babu ƙafa, sannan ya ji sauran, ka rasa taubashi, kuma daga ranar babu mai sake naɗe wando a jirginka. Ka ce ka zama shaida. To shaida abin da ya gani yake faɗa, ba ya ƙari, ba ya ragi. Ba ka taɓa yi wa kowa alkawarin ba za ka mutu ba. Abin da ka gani shi ne ciwo yana cin ka, aka cire shi, ka yi shekara huɗu kana tuƙi. Yanzu an ga wani abu, kana jin tsoro, kuma za ka koma wurin wuƙar nan da ƙafarka. A ganina wannan shaidar ta fi ta tumbi ƙarfi. Bunu ya san ba ka da wauta. In ya ga wanda ya san zafin abin ya sake nufarsa da kansa, zai yi tunani.

Kuma ka juya maganar rakiyar. A da kai ne za ka raka shi. Yanzu ka gaya masa gaskiya duka, har da tambayar nan da ka ce ba ka taɓa furtawa ba, sannan ka ce kana tsoro, kana roƙon ya raka ka. Ba wayo nake koya maka ba, domin da gaske kana bukatar ɗan rakiya. Mutum irin Bunu yana iya yi wa shawara dariya shekara guda. Ban ga yadda zai bar taubashinsa ya hau jirgin Kano shi kaɗai da irin wannan labari ba. In ya je, ya ga likita da idonsa, ya yi tambayoyinsa da wannan bakin nasa, abin da zai yi da ƙafarsa kuma shi zai yanke. Kada ku jira shinkafa ta gama shigowa. Yana da 'ya'ya da 'yan'uwa, su ƙarasa yankan.

Saura maganar ɓoye suna. Malam Zalɓe, sunayen mutanenka duk na musanya su kamar yadda ka so. Amma masu fito nawa ne da ƙafar katako tsakanin Auyo da Haɗeja? Ka kuma sa hannu da laƙabin da ko awakin kasuwa sun san ka da shi. Malamin ajinku ma ana kai masa jaridar nan, kuma in ka ce na yi tafiya, mai gardamar nan zai ce a nuna masa shafin. Ina zaton can cikin ranka ka san haka, so kake jarida ta faɗa maka abin da bakinka ya kasa. Na buga domin ka roƙa, domin kuma akwai irinka da yawa da ke zaune da amsar asibiti mai kama da taka ba su gaya wa kowa ba. Amma kada ka bari takarda ta riga ka isa wurinsa. Tana hannunka yanzu, ba wanda ya gani tukuna. Ninke ta, ka aika a kira shi, ka tuƙa shi zuwa tsakiyar ruwan nan inda mutane ke nuna maka nasu ciwon. Yau kai za ka nuna naka.

Kai kuma Bunu, na san za a karanta maka wannan daga baya, kuma na san da kai ne da ba haka za ka faɗa ba. Na yarda. Ka riƙe gardamar, ka aiko mini da ita daga Kano, zan buga. Bandar kifi kuma ana shiga jirgi da ita, ka ɗauko ta mutum biyu.

Allah ya sa abin da za a gani a madubi alheri ne, ya ba Larai haƙuri, ya ba ku lafiya. Allah ya dawo da ku mashigin nan ku biyu kuna zagin juna, ko da ƙafa biyu ce ta rage a tsakaninku.

Naku,
Malam Shu'ibu.